Ƙudan Zuma da Rina: Ta Yaya Ake Bambanta Su?

Shin ƙudan zuma da rina dangin juna ne?

Ƙwarai kuwa. Masana ilimin ƙwari sun haɗa su da tururuwa a babban rukuni guda mai suna Hymenoptera, kuma bincike ya nuna cewa kakannin ƙudan zuma rina ne masu farauta, waɗanda suka bar nama suka koma ga fure fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce. Nau'o'in ƙudan zuma da aka sani sun haura 20,000, an kasa su gida bakwai, kuma mafi yawansu ba sa tara zuma, ba sa zaman taro. Wanda aka fi kiwo a amya, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa suna Apis mellifera a 1758, ɗaya ne tak a cikinsu.

To, mene ne ainihin abin da ya raba su?

Abincin 'ya'ya ne, kuma wannan ya fi launi muhimmanci nesa ba kusa ba. Ƙudan zuma na ciyar da tsutsotsinsa garin fure da ruwan fure, shi ya sa jikinsa ke cike da gashi mai rassa wanda garin ke maƙalewa a ciki, har a kan ga curi mai ruwan ɗorawa a ƙafafunsa na baya. Rina kuwa nama take kai wa nata, ko da yake ita kanta tana shan zaƙi. Dubi zanzaro, wanda shi ma nau'in rina ne, mai siririn ƙugu da jiki sumul: yakan gina ɗakin laka, ya harbi gizo-gizo ko tsutsa ya sumar da ita, ya cusa ta ciki, ya saka ƙwai, sannan ya liƙe ƙofar, domin abin da zai ƙyanƙyashe ya tarar da abinci bai ruɓe ba.

Gidansu fa?

Saƙar zuma da kaki ake yin ta, shi kuma kakin daga jikin ƙudan yake fita. Rina mai zaman taro tana kankaro busasshen itace, ta tauna shi da miyau har ya zama kamar takarda.

Gaskiya ne duk ƙudan da ya yi harbi mutuwa yake yi?

Wannan ya shafi ma'aikatan ƙudan amya ne, domin ƙarinsu yana da ƙayoyi, yakan maƙale a fatar mutum ya fizge wani sashe na cikinsu. Rina na iya maimaita harbi, haka ma sauran ƙudan zuma da dama. A ɓangarorin biyu mata ne kaɗai ke harbi, saboda ƙarin asalinsa gaɓar saka ƙwai ce.

Akwai masu kama da su da ke ruɗar mutane?

Akwai wasu ƙudaje masu zanen baƙi da rawaya da ke shawagi a kan fure, amma ba su da ƙari. Fukafukansu biyu ne, na ƙudan zuma da rina kuwa huɗu ne.