Wai Mece ce Ɓoyayyar Manhaja?

Kwanaki wata ƙanwata da ke mastas a fannin ilimi ta turo min saƙo, wai Yaya don Allah meye ɓoyayyar manhaja, sufabaizanta ya ce ta je ta duba, duk ta rikice. Na ce to da farko ba manhajar waya ake nufi ba fa, don yanzu kana cewa manhaja sai hankali ya tafi kan WhatsApp. Ta makaranta ake magana, abinda aka tsara a koya wa yara.

Wanda ake jingina wa kalmar wani malamin Jami'ar Shikago ne a Amurka, Philip Jackson, a 1968. Mutumin nan ya daɗe yana zama a ajin firamare yana kallo kawai, sai ya lura yara na koyon abubuwa da yawa da babu su a silabas ko ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya koyar da su: jiran layi, ɗaga hannu kafin magana, danne zuciya, gane abinda malam ke so a faɗa. Waɗannan su ya kira ɓoyayyar manhaja. Ya tattara su a abu uku, cunkoso da yabo da iko.

Mu ma ai mun sha. Monita mai rubuta sunan masu surutu, da tarar da ake cin wanda ya yi Hausa a aji wai ya yi banakula, wace manhaja ce ta rubuta wannan? Amma yaro ya fita ya riga ya haddace cewa harshen gidansu abin kunya ne, kuma wallahi darasin nan ya fi lissafi zama a kai.

To a nan sabbin masu bincike ke tuntuɓe. Yawanci an raine mu da tambayoyi huɗu na Ralph Tyler, wani masanin tsara manhaja, na 1949, wato meye manufa, me za a yi a cimma ta, yaya za a tsara, yaya za a auna. Suna da amfani sosai, amma abinda ke rubuce suke kamawa. Shi ya sa in ka raba kwesinaya, wato takardar tambayoyin bincike, ka tambayi malami ko yana fifita maza kan mata, zai cike "ban yarda ba" da zuciya ɗaya, ba ƙarya ya yi ba, bai ma san yana yi ba ne.

Abinda na ce mata, ta nemi izinin hedimasta, ta samu benci a bayan aji da littafinta, ta riƙa rubuta wa aka kira, wa aka aika shara, wa aka yaba kuma kan me, daga baya ta yi hira da malaman da ɗaliban. Kuma kar ta dogara da satin farko, lokacin kowa nuna kansa yake saboda baƙuwa. Sai sun manta tana wajen tukun.