Diyyar rauni a wurin aiki: abin da ƙa'idojin ƙwadago na duniya suka tanada

Ma'aikacin da inji ya datse wa yatsu, ko wanda ya faɗo daga tsani a wurin gini, tambayar farko da akan jefa masa ita ce ta laifi, wato shi ne ya yi ganganci ko kuwa mai wurin ne ya yi sakaci. A tsarin diyyar ma'aikata da ƙasashe da yawa ke bi a yau, wannan tambaya ba ta da nauyin da mutane ke ba ta. Abin da doka ke son ta tabbatar shi ne ko raunin ya samu ne a dalilin aikin kuma a lokacin da ake cikinsa. Idan hakan ya tabbata, magani da kuɗin diyya sun zama haƙƙi, ko da ma'aikacin ne ya yi kuskure, ko da kuwa wanda ya ɗauke shi aiki bai yi laifin komai ba.

Da ba haka abin yake ba. A Ingila ta ƙarni na 19, wanda ya ji rauni sai ya kai ƙara kotu ya tabbatar da sakacin mai masana'anta, shi kuma mai masana'antar yana da ƙofofin kuɓuta a buɗe: ya ce abokin aikin mutumin ne ya jawo hatsarin, ko ya ce ma'aikacin ya san haɗarin tun ranar da ya karɓi aikin, ko ya nuna cewa shi ma yana da hannu a abin da ya same shi. Talaka mai jinya ba ya da ƙarfin irin wannan shari'a. Jamus ce ta fara sauya lamarin a 1884, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, da dokar inshorar hatsarin aiki wadda masu masana'antu ke biyan kuɗinta, Birtaniya kuma ta yi tata dokar diyyar a 1897. Hujjar ita ce, tunda daga aikin riba ke fitowa, to raunin da aikin ya haifar shi ma yana cikin kuɗin da ake kashewa wajen samar da kaya, kamar gyaran inji. Sai dai cinikin yana da tsada ga ma'aikaci, domin diyyar tana da iyaka, ba ta biyan raɗaɗi da baƙin ciki, kuma a Jamus da jihohin Amurka ya rasa damar kai mai kamfani ƙara kan sakaci sai a yanayi ƙalilan, alhali a Birtaniya ƙofar kotu tana nan a buɗe har yau.

Ma'aunin da duniya ke dubawa a wannan fanni shi ne Yarjejeniya mai lamba 121 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta amince da ita a 1964. Ba ta ɗaure ƙasa sai ƙasar ta rattaba hannu ta tabbatar da ita, kuma ƙasashen da suka yi hakan ba su da yawa, amma dokokin ƙasashe da dama sun ɗauki siffarta, don haka wanda ya fahimce ta zai iya auna dokar ƙasarsa ya ga inda ta gaza. Yarjejeniyar ta ambaci halaye huɗu da dole tsari ya ɗauki nauyinsu: raunin ko cutar ita kanta, daina samun albashi saboda jinya, naƙasa ta dindindin ko duka ko wani sashe, da kuma mutuwar mai ciyar da iyali.

Wani sharaɗi da ya kamata kowa ya sani yana Sashe na 9, wanda ya hana a danganta cancantar mutum da daɗewarsa a aiki ko da yawan kuɗin inshorar da aka biya dominsa. Wanda ya ji rauni ranar da ya fara aiki haƙƙinsa ɗaya ne da na wanda ya tsufa a wurin, kuma idan kamfani ya ƙi zuba kuɗin da ya wajaba a kansa, ba ma'aikaci ne zai ɗanɗana kuɗar wannan ƙin ba. Maganin da ake nufi ya haɗa da ganin likita, kwanciya a asibiti, magunguna, haƙori, tabarau da gaɓoɓin roba, har zuwa lokacin da buƙatar ta ƙare. Kuɗin kuwa, yarjejeniyar ta ɗauki magidanci mai mata da 'ya'ya biyu a matsayin ma'auni, ta ce kada abin da zai riƙa karɓa ya gaza kashi 60 cikin 100 na albashinsa a lokacin jinya ko naƙasa gaba ɗaya, sannan idan ya rasu, matarsa da 'ya'ya biyu su samu aƙalla kashi 50, ban da kuɗin jana'iza.

A nan ne ake yawan yi wa ma'aikata wayo. Asalin ƙa'idar ita ce a riƙa biya lokaci bayan lokaci, kamar fansho, tare da sake duba adadin idan tsadar rayuwa ta sauya sosai. Biyan kuɗi dunƙule sau ɗaya an yarda da shi ne ga naƙasa mara tsanani, ko a yanayi na musamman da yardar mai raunin, bayan hukuma ta gamsu cewa kuɗin zai amfane shi. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake, domin mutumin da ke kwance da bashin asibiti a kansa zai iya sa hannu a kan kowane adadi da aka miƙo masa, kuɗin su ƙare cikin ɗan lokaci, naƙasar kuma tana nan daram. Duk takardar sulhu da ta ce mai rauni ya yafe sauran haƙƙinsa ta cancanci lauya ko wakilin ƙungiyar ƙwadago ya karanta ta kafin a sa hannu.

Rashin duba laifi ba ya nufin babu iyaka. Sashe na 22 ya ba da damar dakatar da diyya idan an yi ƙarya a wajen nema, ko raunin ya samo asali daga aikata babban laifi, ko maye da gangan, ko mummunan saɓa ƙa'ida da niyya, ko kuma mai raunin ya ƙi zuwa magani ba tare da uzuri ba. Mantuwa, gajiya da kuskuren hannu ba sa cikin wannan jeri, kuma mai kamfanin da ya ce ba za a biya ba domin yaron bai kula ba ya fahimci dokar a baibai. Hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki kuwa an bar wa kowace ƙasa ta fayyace sharuɗɗansa.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne wajen cututtuka. Ƙiyasin da ILO ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara a dalilin aiki, kuma kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cuta ce ke kashe su, hatsari kuma kimanin 330,000. Hatsari yana da rana da shaidu, amma ƙurar dutse da ke daskarar da huhu, ƙarar inji da ke cinye ji a hankali, ko ciwon dajin da asbestos, wani ma'adini da ake amfani da shi a kayan gini, ke haifarwa bayan shekara 20 zuwa 40, duk suna bayyana ne lokacin da mutum ya bar aikin, wataƙila kamfanin ma ya rufe. Maganin da doka ta samo shi ne jerin cututtukan sana'a: idan cutar tana cikin jerin, kuma mutum ya yi aikin da aka san yana jawo ta, ana ɗauka aikin ne sanadi ba tare da ya kawo hujjar likitanci mai wuya ba. An sabunta jerin yarjejeniyar a 1980, sannan wani jerin na ILO da aka gyara a 2010 ya shigar da larurar ƙwaƙwalwa da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. A ganina, ƙasar da ta taƙaita ga rufaffen jeri tana zaluntar waɗanda sababbin sinadarai suka cutar, shi ya sa tsarin da ya haɗa jeri da damar tabbatar da cutar da ba ta cikinsa ya fi adalci, kuma yarjejeniyar ta yarda da shi.

Neman diyya ya dogara ne kacokan a kan rubutu. A sanar da shugaban sashe nan take ko da raunin ya yi kama da ƙarami, a tabbatar an rubuta shi a littafin hatsari, a faɗa wa likita cewa a wurin aiki abin ya faru domin ya shiga takardar asibiti, a kuma adana sunayen shaidu da takardar albashi. Kowace ƙasa tana da wa'adin kai rahoto da na shigar da buƙata, kuma jinkiri kaɗai na iya kashe buƙata mai gaskiya. Idan hukuma ta ƙi biya ko ta rage adadin, Sashe na 23 ya ba da damar ɗaukaka ƙara, Sashe na 27 kuma ya ce baƙon ma'aikaci daidai yake da ɗan ƙasa.

Ɓangaren kariya kafin aukuwar hatsari yana cikin Yarjejeniya mai lamba 155 ta 1981. Ita ce ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata alhakin tabbatar da lafiyar wuri, injuna da sinadarai gwargwadon abin da zai yiwu, da samar da kayan kariya da agajin gaggawa, ta kuma hana a caji ma'aikaci ko sisi a kan waɗannan, don haka cire kuɗin hular kwano ko takalmin aiki daga albashi saɓa mata ne. Sashe na 13 ya kare wanda ya janye daga aiki saboda yana da dalili mai ƙarfi na ganin babban haɗari na gab da afka wa ransa ko lafiyarsa, kuma ba za a tilasta masa komawa ba sai an gyara. A watan Yunin 2022 babban taron ILO ya sanya muhallin aiki mai aminci cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikata, wanda ke nufin kowace ƙasa mamba tana da alhakin mutunta wannan ƙa'ida ko da ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba.

Rushewar ginin Rana Plaza a Bangaladesh ranar 24 ga Afrilun 2013 ta nuna abin da ke faruwa idan ɓangarorin biyu, kariya da diyya, suka ɓace tare. An ga tsagewa a jikin ginin kwana ɗaya kafin ya faɗi, amma aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki, mutum sama da 1,100 suka mutu. Ƙasar ba ta da asusun inshorar raunin aiki a lokacin, sai da aka kafa asusu na musamman wanda kamfanonin tufafi na waje da wasu masu taimako suka zuba wa kuɗi bisa ganin dama, aka lissafa haƙƙin kowane iyali da ma'aunin Yarjejeniya ta 121, kuma sai a 2015 asusun ya cika dala miliyan 30 da ake buƙata.