Frolic, aikatau na Turanci mai nufin wasa da tsalle-tsalle

Frolic aikatau ne a Turanci da ake amfani da shi in ana so a ce mutum ko dabba na ta wasa da tsalle-tsalle da guje-guje cikin annashuwa, ba wai don zai je wani wuri ba, kawai jiki ne ya yi daɗi. Ɗan akuya da ya sha nono ya ƙoshi, ka ga ya daka tsalle ya karkace gefe ya zura da gudu ya dawo gun uwarsa ya sake, to abin da yake yi ɗin nan shi ne frolic. Haka yara in sun shiga ruwan sama suna ihu suna watsa wa juna ruwa.

Asalin kalmar daga yaren mutanen Holan ne, vrolijk, ma'ana mai fara'a, kuma 'yar uwar fröhlich ce ta Jamusanci. Ta shigo Turanci a ƙarni na 16 a matsayin sifa, daga baya ta koma aikatau, aka kuma maida ita suna. Yanzu kam in sifa ake so sai dai a ce frolicsome.

A nahawu ƙi-karɓau ne, ba a cewa mutum ya frolic wani abu, sai dai ya frolic a wani wuri ko tare da wani. Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne rubutu, don in abin ya wuce frolicked ake rubutawa, in ana cikin yi kuma frolicking, da harafin k da ba ya cikin ainihin kalmar, dalili kuwa a Turanci c in ta zo kafin e ko i kamar s ake karanta ta, shi ya sa ake saka k ɗin ya tsare sautin. Panic da picnic ma haka suke.

Ba kalmar hirar yau da kullum ba ce gaskiya, an fi ganin ta a littattafan yara da shirin dabbobi na talabijin, in kuwa jarida ta ce wasu manya na frolic a bakin teku to yawanci akwai 'yar zolaya a ciki. Tana da dangi irin su gambol da caper, shi caper ɗin in aka bi salsalarsa kalmar Latin ce mai nufin bunsuru.

Lauyoyi ma sun riƙe ta. A 1834 a Ingila an yi shari'ar Joel da Morison, bara ne ya tuƙa keken dokin maigidansa ya kauce hanya ya buge wani mutum, sai alƙali Parke ya bayyana cewa in bara na cikin aikin maigida ne ko da ya ɗan ratse, maigida zai biya diyya, amma in ya tafi a frolic of his own, wato sha'anin gabansa da bai shafi aikin ba sam, to babu ruwan maigida. Da yake Najeriya da Ghana sun gaji dokar Ingila, har yau ɗaliban lauya a can na karanta wannan ƙa'ida in an zo batun direban kamfani da ya ɗauki motar aiki ya tafi harkar kansa ya yi hatsari.