Mene ne tubles, kuma me ya sa tsohuwar Vespa ba ta karɓarsa sai an canza rim?

Duk wanda ya je sayen tayar babur a yau, tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce: mai tif kake so ko tubles? Masu sababbin babura ba su cika tsayawa tunani ba, domin kamfani ya riga ya yanke musu hukunci tun daga masana'anta. Wanda ke shiga ruɗani shi ne mai tsohuwar Vespa. Zai sayi taya da kuɗinsa, ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikinta cewa tubles ce, ya kai wa mai faci, mai faci ya juya ta ya ce, "Alhaji, sai fa an sa mata tif." Gaskiya mai facin ya faɗa, kuma dalilin yana jikin rim, wato ƙarfen da tayar ke zama a kai.

Tubles na nufin taya da ke riƙe iska ba tare da an zura mata tif a ciki ba. An shimfiɗa wa cikinta wata roba ta musamman da iska ba ta ratsawa, sannan bakinta na ɓangarori biyu, inda waya take a ciki, an yi shi ne don ya manne da rim ƙam. Bawul kuwa a jikin rim ake dasa shi, da robarsa da ke toshe ramin. Saboda haka abu uku ne ke haɗuwa su riƙe iskar: taya, rim da bawul. In ɗaya ya gaza, sauran biyun ba su da amfani. Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin BF Goodrich na Amurka ya sanar da irin tasa a 1947, kuma kafin ƙarshen shekarun 1950 motocin Amurka sun koma kanta. Ƙananan babura ne suka makara.

Vespa ta fito ne a 1946 daga kamfanin Piaggio na Italiya, kuma wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jiragen sama ne. Yana cikin abin da ya sa a gaba cewa canza taya kada ya zama wahala ga mai babur. Shi ya sa ya rataye ƙafafun ta gefe ɗaya kawai, gaba da baya, ta yadda za a kwance notuna a zare ƙafa kamar ta mota, kuma ta gaba tana shiga baya. Rim ɗin kansa an yi shi gida biyu, kamar faranti biyu da aka kifa wa juna, aka ɗaure da notuna. A jikin Vespa samfurin PX, wadda ta fito a 1977, za ka ƙirga noti goma a kowace ƙafa: biyar na haɗa ɓangarorin rim ɗin biyu, biyar na ɗaure shi a jikin gangar birki. Da sifana mai lamba 13 mutum zai raba rim, ya zare tif, ya liƙe, ya mayar, ba tare da ƙarfen ɓanɓare taya ba. Dabara ce mai kyau ƙwarai a zamaninta, kuma har gobe tana da ranarta.

Sai dai wannan tsaga da ke tsakiyar rim ita ce ta hana tubles zama. Duk yadda aka ɗaure notunan, iska za ta bi ta tsakanin ƙarafan biyu ta fice. Tif ne ke rufa asiri. Kuma ta wannan tsagar ce ruwan damina da na wanki ke shiga, ya kwanta a ciki inda ido ba ya gani, tsatsa ta kama. Rim zai yi kyau ta waje, an fesa masa fenti yana ƙyalli, amma in an buɗe sai ka ga cikinsa ya yi ɓawo-ɓawo, yana cin tif a hankali duk juyin da ƙafar ta yi. Ga kuma cizo: in mai ɗaurawa ya yi gaggawa, ƙarafan biyu sukan kama ɗan gefen tif a tsakaninsu, a tafi lafiya kwana biyu, rana ta uku ya yage.

A nan ne ainihin amfanin tubles yake, kuma a ganina shi kaɗai ya isa dalili. Idan ƙusa ta shiga taya mai tif, ta huda tif ɗin, iskar ba ta tsayawa a cikin taya. Nan take za ta bi ta ramin bawul da tsagar rim ta fita, wani lokaci ma tif ɗin ya tsage gaba ɗaya. Cikin daƙiƙoƙi taya ta kwanta. Ka tuna ƙafar Vespa ƙarama ce, inci 10 ko inci 8, kuma injin da nauyin direba da na wanda aka goya yawancinsu a kan ta baya suke. Tayar baya ta sace farat ɗaya ana cikin gudu a babban titi, bayan babur ya fara lilo hagu da dama, ba kowa ke iya riƙe shi ba. A taya tubles kuwa, ƙusar kan zauna a ramin da ta huda, robar ta matse ta, iska na fita kaɗan-kaɗan. Direba zai ji babur ya yi nauyi, ya samu damar rage gudu ya gangara gefe, sau da yawa ma har ya isa gida. Kada wani ya ce maka tubles ba ta yin faci. Tana yi. Bambancin shi ne tana ba ka lokaci.

Akwai ƙarin abu ɗaya da rim ɗin tubles na gaske ke da shi wanda mutane ba su cika lura da shi ba. In ka shafa cikinsa kusa da baki, za ka ji wani ɗan tudu ya zagaye shi ta kowane ɓangare. Aikinsa shi ne riƙe bakin taya a mazauninsa ko da iska ta ragu sosai, don kada tayar ta zame ta faɗa tsakiya. A tsakiyar kuma akwai kwari mai zurfi, wanda shi ke ba da damar sa taya a rim da ba ya rabuwa. Rim ɗin asali na Vespa ba shi da wannan tudun. Shi ya sa nake ƙin dabarar nan da wasu ke yi, ta shafa gam ko silikon a tsagar tsohon rim, a naɗe da roba, a dasa bawul a ce an mayar da shi tubles. Yana iya riƙe iska a tsaye, a ƙofar shago. Ranar da ƙafar ta daki rami ko iska ta yi ƙasa, babu abin da zai riƙe bakin tayar, kuma iskar za ta fita gaba ɗaya, wato ainihin haɗarin da ake gudu. Wanda ba shi da halin sayen rim ɗin da ya dace, gara ya kankare tsohon nasa, ya yi masa fenti ta ciki, ya sa tif mai kyau.

Rim ɗin tubles da ake yi wa tsofaffin Vespa iri uku ne. Akwai na alminiyam guda ɗaya wanda ba ya rabuwa, irin wanda kamfanonin SIP da BGM na Jamus suka yi suna da shi. Akwai na ƙarfe guda ɗaya, wanda kamfanin FA Italia na cikin masu yin sa, kuma shi ya fi kama da na asali a ido. Sai na uku, na Pinasco na Italiya, wanda yake rabuwa gida biyu kamar na da, amma an sa zoben roba a tsakani da ke toshe iska. Wannan na ukun ya fi sauƙin sa taya, sai dai rayuwarsa a kan zoben take: in ya tsufa, ko ƙasa ta shiga mazauninsa lokacin ɗaurawa, zai riƙa yoyo, kuma ba zobe ba ne da za ka samu a kowane shago.

Tsakanin ƙarfe da alminiyam, titin da kake bi ne zai yanke maka. Alminiyam ba ya tsatsa, kuma yawanci an fi daidaita da'irarsa. Amma in ya daki bakin rami da ƙarfi yana iya tsagewa, kuma rim ɗin da ya tsage an gama da shi, ban yarda da waldarsa ba. Ƙarfe lanƙwashewa yake yi, a wasu lokutan a iya miƙe shi. Ko wanne ne dai, ɗan lotsawar baki da tif zai yafe, tubles ba za ta yafe ba, domin daga nan iska za ta riƙa sulalewa.

Sai awo, inda aka fi yin asarar kuɗi. Fara da ƙirga ƙusoshin da ke jikin gangar birkinka, waɗanda ake ɗaure rim a kansu da notuna. Vespa samfurin PX da Sprint da Rally masu ƙafa inci 10 ne da ƙusa biyar, haka ma babur ɗin LML na Indiya da aka kwaikwayo daga PX. Tsofaffi masu inci 8 tsarinsu daban, Lambretta ma, wani babur na Italiya mai kama da Vespa, ƙusa huɗu gare ta, rim ɗinta ba ya shiga Vespa. Faɗin rim na asali a PX inci 2.10 ne, tayarsa 3.50-10. Akwai masu faɗin 2.50, suna kuma burge ido, amma wurin da ke tsakanin tayar baya da injin ɗan kaɗan ne. Taya mai faɗi takan goga murfin kuloci ko salansa, kuma ba lalle ta shiga mazaunin safaya da ke ƙarƙashin murfin hagu ba. Ga babur ɗin da ba a ƙara wa injinsa ƙarfi ba, 2.10 ya wadatar. Ka lura kuma ɓangarorin rim ɗin Vespa ba daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya zurfi, don tayar ta zauna a tsakiyar babur. Sabon rim ɗin ma dole ya kiyaye wannan, in ba haka ba ƙafar gaba da ta baya ba za su bi layi ɗaya ba.

Abu biyu ƙanana sun fi komai yawan ba da matsala. Na farko tsawon ƙusoshin ganga. Rim na alminiyam ya fi na ƙarfe kauri a wurin ɗaurawa, don haka zaren da ya rage wa noti yana raguwa. In noti bai ci zare har ƙarshensa ba, kada a hau babur ɗin. A nemi notunan da aka yi wa rim ɗin ko a canza ƙusoshi da dogaye. Na biyu bawul. Yawanci lanƙwasasshe ake sawa don bakin famfo ya same shi, kuma dole a juya ƙafar da hannu a tabbatar bai taɓa komai ba, musamman a PX masu birkin faifai a gaba, waɗanda suka fara fitowa a 1998.

Kasuwa cike take da rim marasa suna, ba tambari, ba awo a jiki. Na kirki za ka ga an buga masa girmansa da sunan mai yin sa, na Jamus kuma galibi da lambar izinin hukumarsu ta KBA. Rim ɗin da ba a zuba shi da kyau ba yakan kasance da ƙananan ƙofofi a cikin ƙarfensa da iska ke bi, ko ramukan ƙusa da ba su zauna daidai ba, ƙafa ta riƙa rawa. A wannan wurin arha ba ta da riba. Tayar ma a duba ta: sai wadda aka rubuta wa TL ko Tubeless. Mai TT ta tif ce, ba ta da shimfiɗar ciki. Ana iya sa tif a cikin taya TL a kan tsohon rim, abin da mai facin nan ya yi wa Alhaji ke nan, amma ba a sa TT a rim ɗin tubles babu tif. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun da ya fara da DOT a gefen taya suna gaya maka mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. A zafin Maris zuwa Mayu na ƙasar Hausa, tayar da ta daɗe a ajiye ba abin amincewa ba ce.

Sa taya inci 10 a rim guda ɗaya aiki ne mai wuya, ya fi na tayar mota wuya, saboda ƙanƙantarta. Mai facin da ya saba da guduma da dogon ƙarfe zai iya karce bakin rim ko ya yaga bakin taya tun kafin ta taɓa ƙasa. A shanya tayar a rana ta yi laushi, a shafa ruwan sabulu, a tura ɓangaren da ya riga ya shiga cikin kwarin tsakiya, sannan a bi sauran a hankali. Sai an yi da injin iska kafin bakin ya hau tudun nan, za ka ji ƙara sau biyu. A duba kibiyar da ke nuna inda tayar ke juyawa. Bayan an ɗan yi tafiya a sake bin notunan. Tsohon rim kuwa, duk mai kwance shi ya fara sace iskar tukuna, domin in aka kwance notunan da ke haɗa shi alhali akwai iska, ɓangarorin kan yi tsalle su ji wa mutum ciwo.

To wa ya kamata ya canza? Wanda ke hawa babban titi, yana gudu, yana goyon iyali, ina ba shi shawara ya canza, in kuɗi bai kai na duka ba ya fara da ta baya. Wanda zirga-zirgarsa a cikin unguwa ce ko a ƙauyen da injin iska ke da nisa, tsohon rim mai tsabta da tif mai kyau zai yi masa, kuma zai iya gyara shi da hannunsa. Wanda ya canza kuma ya sani cewa hujin da ke tafin taya ana toshe shi da igiyar roba ba tare da an cire ƙafa ba, amma yankan gefe ba ya gyaruwa, sai sabuwa. Ya riƙa auna iska duk mako, domin tubles na iya ɗaukar ƙusa kwanaki ba a sani ba. Safaya kuma kada a cire ta. Ko da a kan tsohon rim take da tif ɗinta, za ta ɗauru a gangar ta kai ka wurin gyara, muddin notunan da ke hannunka suna kama ta, don haka a ajiye biyar na asali a akwatin kayan aiki.