Figys an howl: sunan zabibi a harshen Kernewek

Figys an howl ɗaya ne daga sunayen zabibi, wato busasshen inabi, a harshen Kernewek na mutanen Konwal da ke kudu maso yammacin Birtaniya. Ma'anarsa "ɓauren rana". A tsofaffin rubuce-rubuce ana rubuta shi figes an houl.

Kalmar howl, rana, 'yar gida ce. 'Yan uwanta su ne haul a harshen Welsh da heol a harshen Breton na Faransa, domin duka ukun daga reshe ɗaya na harsunan Keltik suka fito. Figys kuwa baƙuwa ce. Tushenta ficus ne, sunan ɓaure a Latin. Ta ratsa tsohon Faransanci, ta shiga Ingilishi, daga nan Kernewek ya ɗauke ta tare da alamar jam'inta ta Ingilishi. Da ta zauna sai aka bi da ita yadda ake bi da kalmomin gida: kamar yadda ster ke nufin taurari, steren kuma tauraro guda, haka aka samu figysen, ƙwaya ɗaya.

Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda zabibi ya karɓe sunan ɓaure. Yanayin Konwal mai sanyi da yawan ruwan sama bai dace da shanya inabi ba, don haka zabibi da busasshen ɓaure duk ta jirgin ruwa suke zuwa daga ƙasashe masu zafi na kudu. A ganin masu saye, kaya ne iri ɗaya: busassu, masu zaƙi, na sakawa cikin ƙullun fulawa. Ga alama shi ya sa suna ɗaya ya rufe su, har ɓauren kansa ya buƙaci ƙarin bayani, aka ce masa figys ledan, "ɓaure mai faɗi", wataƙila saboda a danne ake kawo shi.

Amfani da Kernewek a maganar yau da kullum ya dushe wajen ƙarshen ƙarni na 18, kafin a farfaɗo da shi a farkon ƙarni na 20. Amma kiran zabibi da sunan ɓaure ya ci gaba a Ingilishin yankin. Figgy hobbin, wata gasasshiyar fulawa da aka san masu haƙar kuza da ci, da zabibi ake yin ta, babu ko ƙwayar ɓaure a cikinta.