Yadda ake kimanta dukiyar mamaci kafin rabon gado

Daga ina ake farawa?

Daga rubuta komai: gida, fili, mota, kuɗin banki, kayan shago, har bashin da mamacin yake bin mutane. Sai a ware abin da ba nasa ba, kamar ajiyar da aka ba shi ko kayan matarsa. In dukiyar haɗin gwiwa ce, kasonsa kaɗai ke shiga lissafi.

Da farashin wace rana ake aiki?

A dokokin ƙasashe da dama, na ranar rasuwa. Amma in rabo ya ja shekaru, gara a sake kimantawa, domin fili kan ƙara daraja, mota kuwa faɗuwa take yi. Magajin da aka ba mota a tsohon farashi ya cutu.

Yaya ake yi wa gida kuɗi?

Nan aka fi samun rigima. A nemo aƙalla gidaje 3 masu kama da shi da aka sayar kwanan nan a yankin, a duba kuɗin da aka biya hannu da hannu, ba wanda mai gida ya yanka da farko ba. Daga nan a ƙara ko a rage gwargwadon girman fili, hanya, da lafiyar rufi da bango. Abin da mamaci ya kashe wajen gini ba hujja ba ce. Mai saye ba ruwansa da wannan. In gidan haya ne, a dubi kuɗin hayar shekara bayan an cire na gyara. In kuma an jinginar da shi, a fitar da ragowar bashin. Gidan da takardunsa ba su cika ba farashinsa kan karye sosai.

Zinare fa?

Awo da karat, wato ma'aunin yawan zinare zalla da ke cikinsa. Karat 24 shi ne zalla, 21 kashi 87.5 cikin 100, 18 kuwa kashi 75. Sarƙa mai giram 40 'yar karat 18 tana da giram 30 ne na zinare zalla. A cire nauyin duwatsu, kuma kuɗin ƙira ba kasafai yake dawowa ba.

Wa ya kamata ya kimanta?

Masanin da ba ya cikin magada, kuma ba shi da niyyar saye. Magajin da ke son riƙe gida kada a bar shi ya zaɓo mai kimantawa shi kaɗai. A sa mutum biyu, kowa ya rubuta nasa daban, da kwanan wata da sa hannu. In tazara ta yi yawa, a kawo na uku.