Waiwaye: 'Yan Karibiyan a diramar Ingila, maganar ta daɗe

Tun da aka nuna Small Axe, jerin finafinan talabijin kan rayuwar 'yan Karibiyan a Landan, a 2020 ake ta kai ruwa rana a Birtaniya kan yadda dirama ke nuna 'yan asalin Karibiyan, wasu na cewa kullum labarin wahala ne da rigima da 'yan sanda, wasu kuma abin da ke ƙona musu rai shi ne a mayar da kowa ɗan Jamaika, alhali ga Trinidad ga Barbados ga Guyana, kowa da karin harshensa da girkinsa. Maganar nan fa ta daɗe.

Farkon kowa ya sani. Jirgin ruwan Empire Windrush ya iso tashar Tilbury kusa da Landan a 1948 ɗauke da 'yan Karibiyan, mutane suka kama aikin asibiti da bas da jirgin ƙasa. A talabijin kuwa in ka ga baƙar fata yawanci don a yi dariya aka sa shi. Ko wasan barkwancin The Fosters na 1976 da 'yan wasansa baƙaƙe ne, labarin aro ne daga Amurka.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne 1978, shekarar da shirin dirama na Empire Road ya fito. Michael Abbensetts, haifaffen Guyana, shi ya rubuta, ya ajiye labarin a unguwar Handsworth ta Birmingham. Norman Beaton ya fito a matsayin Everton Bennett, mai gidajen haya, dattijo mai kafiya da son a ji maganarsa, ga ɗansa Marcus ya faɗa soyayya da yarinya 'yar asalin Indiya, iyaye kowa ya ja daga. Wallahi nan ne daɗin, mutanen nan suna rigimar haya da aure da tarbiyya kamar kowane gida, wariyar launin fata tana nan amma ba ta cinye labarin ba. A zango na biyu Horace Ové ɗan Trinidad ya ba da umarni a wasu sassan. Wato mai alƙalami ɗan gida, mai umarni ma ɗan gida, shi ya sa dattijon ya fito da halinsa mai kyau da mara kyau, babu wanda ya ji tsoron nuna shi haka.

Zango biyu kacal ya yi, ya ƙare a 1979, marubuta 'yan gida kuma ba su yawaita a bayansa ba. Shekara goma bayan nan Trix Worrell, haifaffen Saint Lucia, ya kawo wasan barkwancin Desmond's a 1989, Beaton ɗin dai ya dawo yana riƙe da shagon aski a unguwar Peckham ta Landan.